Matar da ke zuba ruɓaɓɓiyar gyaɗa cikin mai kyau

A gidan Malam Surajo da ke Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, akwai wata rumfar kara a tsakar gida inda mata goma sha shida ke zama tsintar gyaɗa daga ƙarshen kaka har zafi ya fara shigowa. Aikin ba shi da wuyar faɗi. Ana zuba ɓararriyar gyaɗa a faifai, mace ta baza ta da yatsu, ta fitar da duk ƙwayar da ta yi funfuna, ko ta motse, ko ƙwaro ya huda ta, sannan a juye sauran a buhu. Mai kula da aikin ita ce matar gidan, Asama'u, mai shekara arba'in da bakwai. Kafin ta miƙa wa kowace mace faifanta, takan juya baya, ta buɗe kwalin ashana, ta ɗebo ruɓaɓɓiyar gyaɗa, ta zuba cikin mai kyau da hannunta, ta cakuɗa.

Ranar da na fara ganin haka na ɗauka idona ne. Da na tambaye ta, sai ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta ce labarin yana da ɗan tsawo.

A Gaya aka haife ta, a gidan masu tuyar ƙuli-ƙuli. Kakarta ce ta koya mata tsinta tun ba ta kai ɗaukar tulu ba, domin ƙwaya ɗaya mai ɗaci tana ɓata ɗanɗanon tunkuza duka. Ta gama firamare, ta yi Islamiyya, ta yi aure a Toranke tana da shekara goma sha tara. 'Ya'yanta shida. Mijinta manomin gyaɗa ne da gero, kuma tun farkon aurensu masu saye a kasuwar Ajingi suka gane buhunsa, saboda ba a samun tsakuwa ko ruɓaɓɓiya a ciki. Da haka maƙwabta suka fara kawo mata tasu gyaɗar ta tsince.

Shekara shida da suka wuce, wani kamfani a Kano mai haɗa abincin yara da gyaɗa ya turo wakilinsa, Malam Muhammad Bashir, neman masu tsinta. Ya yi mata bayanin abin da ya sa suke da tsanani. Funfunar da ke kama gyaɗa tana barin wata guba mai lalata hanta, wadda suya ba ta kashe ta, kuma ƙwayoyi kaɗan sun isa su ɓata buhu. Duk kayan da aka kai musu sai an ɗebi samfur an gwada. Asama'u ta tara mata, aka kafa rumfa. Shekara huɗu a jere kayansu na wucewa ba a taɓa dawo da ko buhu ɗaya ba.

Sai aka shiga kakar 2023. Ruwa ya ɗauke a kan lokaci, gyaɗa ta bushe da kyau, manoman yankin suna cewa sun daɗe ba su ga irinta ba. A da, mace takan cika ƙoƙo da ruɓaɓɓiya kafin azahar. A wannan shekarar sai a gama faifai biyar, shida, ba a fitar da ƙwaya uku ba. Aiki ya yi sauri, ana ta godiya ga Allah. Suka cika buhu arba'in, mota ta ɗauka.

Bayan kwana tara motar ta dawo da buhunan arba'in cif. Malam Muhammad Bashir ya shimfiɗa farar takarda a kan tabarma, ya kwance buhu ɗaya, ya ɗebo tiya guda ya baza. A gaban Asama'u ya fitar da ƙwaya bakwai, kowace da kore-kore a tsagarta.

Ya ce, "Hajiya, ni ma na yi musu gardama, na ce ba dai kayan Toranke ba. To ga shi. Na roƙa an ba ku sati uku ku sake tsincewa. In samfur ya sake faɗuwa, za su mai da aikin wani gari, kuma ba ni da bakin hanawa."

Cikin matan goma sha shida, biyar mazansu sun rasu, kuma da wannan aikin suke riƙe gidajensu a rani. Asama'u ta ce abin da ya fi damunta a ranar ba kunyar ba ce. Ba ta san abin da za ta gyara ba. Matan su ne na bara, idanunsu su ne na bara, gyaɗar ma ta fi ta bara kyau. In aka sake tsincewa yadda aka saba, me zai hana a sake tsallake irin waɗannan bakwai ɗin?

Washegari ta hau A Daidaita Sahu zuwa Gaya, barkar haihuwa a gidan yayarta. A can ta tarar da 'yar yayar tata, Ummu Salma, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, tana duba kakin masu tari a madubin hangen ƙwayoyin cuta. Da baƙi suka ragu, Asama'u ta ba ta labari, don dai ta rage abin da ke cikinta.

Ummu Salma ta ce, "Inna, kin ce mai kyau ce ta yi yawa bana?"

"Kamar an wanke ta."

"To ai ita ce ta kayar da ku."

"Ke, ban son shirme. Boko ne ya koya miki mai kyau na ɓata kaya?"

Ummu Salma ta yi dariya, ta ce irin abin da ke samun su ne a wurin aiki. Cikin gilasai ɗari masu ɗauke da kaki da za ta duba, wataƙila kaɗan ne ke ɗauke da ƙwayar tarin fuka. A wani horo da aka yi musu, wata likita da ta karanci ƙwaƙwalwa ta gaya musu cewa ido ɗauko hoto kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke gani. Ita kuma ƙwaƙwalwa, duk da nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, don haka ba ta son aikin banza. In ta daɗe tana neman abu ba ta samu ba, sai ta fara yanke cewa babu, tun ido bai gama dubawa ba. Mutum ba ya jin lokacin da hakan ke faruwa. Yana nan zaune, ido buɗe, yana rantsuwa ya duba. Shi ya sa, in ji ta, masu sa ido kan aikinsu kan ba su gilasan da aka riga aka san abin da ke ciki, ba tare da an gaya musu ba. Kuma an ce musu kada su daɗe a kan madubi ba su tashi ba, domin natsuwa na fara raguwa tun kafin a yi rabin awa.

Asama'u ba ta yarda ba. Ta ce ita shekara arba'in tana tsinta. Ummu Salma ta ɗauko gyaɗar da aka tanada don kunun mai jego, wadda aka riga aka tsince, ta riƙa miƙo mata faifai bayan faifai, suna hira. Bakwai Asama'u ta duba, ta ce duk lafiya. Ummu Salma ta jawo na shida, ta sa yatsa a tsakiyarsa. Ga ƙwaya nan baƙa, a motse, ko ɓoyewa ba ta yi ba. Ashe Ummu Salma ce ta jefa ta ciki.

"Wallahi yatsana ya taɓa ta," Asama'u ta gaya mini. "Na tuna na ture ta gefe don in ga na ƙasanta. Idona ya bi ta kanta, hannuna ya taɓa ta, amma ni ban gan ta ba. To wa ke cikin kaina da ya ce a wuce? Na ce Allah, ashe abin da Ka ɗora mana a wuya muna yawo da shi, ko mu masu shi ba mu san yadda yake aiki ba."

A hanyar komawa gida ta yi ta juya maganar. In ƙarancin ruɓaɓɓiya ne ke sa ƙwaƙwalwa ta daina nema, to sai a ƙara ruɓaɓɓiyar. Amma wanda ya zuba guba cikin abincin yara da hannunsa dole ya tabbata ya kwashe ta duka. Ta yaya za ta gane wadda ta zuba? In ta shafa musu launi, launin matan za su riƙa nema, su manta da funfuna.

Ranar kasuwar Ajingi mijinta ya kai rediyonsa gyara wurin Ɗantani, ya dawo yana ba ta labarin yadda mayen ƙarfen da ke bayan tsohuwar sifika ya tsotse wa Ɗantani ƙananan ƙusoshi daga cikin ƙasa. Ta sa ya koma a ranar. Ɗantani ya ciro masa mayen ƙarfe biyu manya, yana tambaya ko Hajiya ta fara gyaran rediyo ne su san sun samu abokiyar gasa.

Kwana biyu ita da Malam Surajo suka yi suna aiki ɗaya. Suka zaɓo ruɓaɓɓiyar gyaɗa iri-iri daga cikin wadda aka zubar, da baƙa, da motsattsiya, da wadda sai an juya ta ake ganin aibinta. Kowace suka soke ta da guntuwar ƙusa irin ta masu gyaran takalmi har ta ɓace a ciki. Ummu Salma ta yi gargaɗi a waya kada funfunar ta shafi mai kyau, don haka suka tsoma su a ruwan ƙaro suka shanya, suka murza su da garin ɓawo don kada su yi ƙyalli. Aka samu kwalin ashana goma sha shida, ɗaya don kowace mace, kowanne da ƙwaya goma sha biyu. Wani faifan Asama'u za ta zuba uku, wani tara, ba mai sanin adadin sai ita. In mace ta gama, za a bi faifan da mayen ƙarfe, a bi ƙoƙon ruɓaɓɓiyar da ta fitar. Ba a juye faifai a buhu sai kwalin ya koma goma sha biyu.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan maganar hutun da take so a riƙa yi duk bayan faifai uku. A rumfar akwai Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifin Malam Surajo, mai shekara saba'in da wani abu, wadda kowa ya yarda ba wanda ya kai ta ido. Kuma tun da aka kafa rumfar ba a taɓa yin macen da ta miƙe daga tabarma Gwaggo na zaune tana aiki ba. Ba wanda ya kafa dokar, kunya ce kawai. Ita kuwa Gwaggo in ta zauna da hantsi, sai kiran sallar azahar ke tashe ta. Awa huɗu mata ke yi a sunkuye, masu ciwon wuya na ciwon wuya, masu jin fitsari na matsewa.

Da Asama'u ta gama bayani a safiyar farko, Gwaggo Hanne ta ajiye goron da take gogawa a magogi.

"Ke 'yar Gaya, tsaya in gane. An dawo mana da kaya saboda ruɓaɓɓiya, shi ne maganinki a ƙara ruɓaɓɓiya?"

"Haka ne, Gwaggo."

"Har da ƙusa a ciki."

"Har da ƙusa."

"Kuma duk faifai uku mu tashi mu tsaya muna kallon bishiya kamar tumakin da aka manta a kasuwa. Surajo! Zo ka ji, matarka ta je Gaya sun canza maka ita!"

Mata suka kwashe da dariya. Asama'u ta durƙusa, ta ce, "Gwaggo, ni aka fara kamawa, a gaban 'yar yayata. Ki yi mana faifai goma yadda kika saba, ba tashi. In mayen ƙarfe bai ɗauko komai a naki ba, ni da kaina zan mayar wa Ɗantani kayansa."

"Kawo. Tun uwarki na goye nake wannan aikin."

Faifai na farko, Gwaggo ta fitar da duk abin da aka zuba, har da biyu na asali. Na biyu haka, na biyar haka. Duk wanda aka bi da mayen ƙarfe ba a ji komai ba sai ta ce, "A gaida Ɗantani." A na shida da na bakwai Asama'u ba ta zuba ko ɗaya ba. A na takwas ta zuba biyu. Gwaggo ta baza, ta juya, ta fitar da ɗaya, ta turo faifan da bayan hannu.

Asama'u ta kawo mayen ƙarfen a hankali bisa gyaɗar. Wajen bakin faifan ƙwaya ɗaya ta yi tsalle ta manne, har aka ji ƙararta.

Gwaggo Hanne ta miƙa hannu, ta ɓamɓaro ƙwayar, ta kai ta kusa da ido, ta juya ta. Rabinta baƙi ƙirin ne. Matan da na yi magana da su sun ce ta daɗe tana kallon ta.

"Wannan ko makaho ya taɓa ta ya san ta," in ji ta. "La ilaha illallahu. Ina nan zaune aka fita da ni daga kaina aka dawo da ni ban sani ba." Ta dafa kafaɗar wadda ke kusa da ita ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. "To me kuke jira? Ku tashi mana. Ina bishiyar da za a kalla?"

Daga ranar, duk faifai uku Gwaggo ce ke fara miƙewa, sauran su bi. Sukan tsaya kamar minti biyar, su sha ruwa, su miƙe baya, su kai ido kan wata tsamiya da ake hangowa ta saman katanga. Hira da rediyo aka mai da su lokacin tashin. An kuma daina tsinta bayan azahar, domin a kwanakin farko Asama'u ta lura mayen ƙarfen ya fi ɗauko ƙwaya bayan an ci abinci. Sai ta mai da yamma lokacin ɗinkin buhu da shara. Ta gaya mini cewa a ranar farko an tsallake ƙwaya ashirin da shida cikin waɗanda ta zuba, a rana ta goma kuwa huɗu. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne tarin ruɓaɓɓiya ta asali da ta riƙa fitowa daga buhunan da a da suka rantse sun tsince. Ta cika ƙwarya biyu.

Ba zan ce na san wanne ya fi yin aiki ba, zubin ne ko hutun, ko kuwa tsoron rasa aiki da ya sa kowa ya ƙara buɗe ido. Ummu Salma ma da na tambaye ta cewa ta yi ba ta sani ba, kuma ta ƙara da cewa tsinta ba ta kawar da gubar duka in ba a busar da gyaɗa da kyau tun daga gona ba. Abin da matan suka tabbatar mini shi ne na jikinsu. Ɗaya ta ce ta daina sayen maganin ciwon kai duk yamma. Wata ta ce faɗan da akan yi gab da azahar, a kan wuri ko a kan faifai, ya ragu har an manta da shi.

Sun gama buhu arba'in saura kwana biyu wa'adi ya cika. Malam Muhammad Bashir ya zo da mota ya tarar ana bin faifan ƙarshe da mayen ƙarfe. Da aka yi masa bayani, fuskarsa ta canza.

"Ƙusa, Hajiya? A abincin yara? So kike a kore ni tare da ku?"

Ba ta yi masa gardama ba. Ta jera kwalayen goma sha shida a kan tabarma, ta buɗe su, ta ce ya ƙirga. Ya ƙirga, kowanne goma sha biyu. Ta ce ya zaɓi duk buhun da ya ga dama. Ya zaɓi uku, aka zazzage su a kan tabarma, ya karɓi mayen ƙarfen ya bi su da hannunsa, a durƙushe, babbar rigarsa na jan ƙasa. Bai samu komai ba. Ya baza tiya guda a farar takardarsa ya daɗe yana tonawa.

Gwaggo Hanne ta ce, "Ɗan nan, ka tashi ka kalli tsamiya tukuna. Ka wuce faifai uku."

Ya ce dole ya faɗa wa kamfani maganar ƙusar, kuma bai yi alkawarin komai ba. Aka ɗinke buhunan, mota ta tashi.

Kwana shida ba labari. Asama'u ta ce a kwanakin ba macen da ta tambaye ta, sai dai kowace ta shigo gaisuwa ta kalli wayar da ke kan taga ta fita. A rana ta bakwai, da hantsi, tana tankaɗen gari wayar ta yi ƙara. Malam Muhammad Bashir ne. Ya ce samfur uku aka ɗiba maimakon ɗaya, saboda abin da ya faru, kuma duka ukun sun wuce. An bi buhunan da na'urar gano ƙarfe ba a samu komai ba. Kamfani ya yarda su ci gaba da zubin, da sharaɗin shi zai riƙa ƙirga kwalayen duk zuwan da ya yi. Buhu sittin na nan tafe ranar Asabar.

Ta yi masa godiya, ta ajiye wayar. Sannan ta yafa mayafi, da garin a hannunta ko wankewa ba ta yi ba, ta bi gidajen matan ɗaya bayan ɗaya, ta fara da na waɗanda mazansu suka rasu.